Har ina za a dogara da agogo da zoben zamani wajen auna numfashi?

Malamin Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana game da agogon hannu na zamani da zobban da ake sawa a yatsa, waɗanda a yanzu suke nuna wa mutum adadin numfashin da ya yi a minti ɗaya cikin dare, da yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa, wasunsu ma har su gargaɗe shi cewa numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, numfashi aiki ne na hanci da ƙirji da huhu, alhali na'urar tana ɗaure ne a wuyan hannu ko a yatsa, nesa da inda iskar take wucewa. To ta yaya take sanin abin da take faɗa? Kuma idan ta ce mutum ya yi numfashi 14.6 a minti ɗaya, wannan ɗigo shida na ƙarshe awo ne na gaskiya ko ƙiyasi? Ina roƙon waɗanda suka san fannin su yi mana bayani dalla-dalla, domin mutane sun fara yanke hukunci a kan lafiyarsu da waɗannan lambobi.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Agogo da zobe ba sa auna numfashi kai tsaye, suna ƙiyasta shi ne daga sawun da yake bari a wasu sassan jiki. Hanya ta farko ta bugun zuciya ce. A bayan agogon akwai 'yan ƙananan fitilu, galibi kore, da suke haska fata, tare da wani ɗan ido da ke karɓar hasken da ya dawo. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yakan ƙaru a ƙananan jijiyoyin fata ya shanye wani kaso na hasken, sai abin da ya dawo ya ragu, kuma daga wannan hawa da sauka ne na'urar take sanin lokacin kowane bugu. A jikin mai lafiya, zuciya takan ɗan ƙara sauri idan ya shaƙi iska, ta ɗan rage idan ya fitar da ita, saboda haka idan aka jera tazarar da ke tsakanin bugu da bugu na tsawon mintuna, za a ga tana kaɗawa daidai da numfashi, kuma wannan kaɗawar ce manhajar take ƙirgawa. Hanya ta biyu ta motsi ce. A cikin agogon akwai wani sashe mai jin motsi komai ƙanƙantarsa, kuma idan mutum yana kwance shiru, ɗagawa da saukar ƙirjinsa sukan kai har hannu. Da wannan hanyar kamfanin Apple ya ce yake aiki lokacin da ya ƙara lissafin numfashin barci a agogonsa a 2021.

Wannan ne dalilin da ya sa yawancinsu a cikin barci kawai suke ba da lambar, domin da zarar mutum ya tashi yana tafiya, yana magana, yana jujjuya hannu, motsin yakan danne wannan 'yar alama gaba ɗaya. Shi kuwa ɗigon da ka tambaya, yana fitowa ne daga haɗa awon sa'o'i masu yawa a fitar da matsakaici, ba wai na'urar ta ga wani ɓangare na numfashi ɗaya ba ne. Ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙirji daban take, domin ita tana jin buɗewar ƙirji da ciki kai tsaye, kuma irinta ake amfani da ita a ɗakunan gwajin barci.

Likita:
Bayanin Injiniya ya yi daidai, sai dai kafin mu ci gaba ya kamata mu raba abubuwa uku da tallace-tallace suke cakuɗawa. Adadin numfashi a minti abu ɗaya ne, yawan oksijin a jini abu ne na biyu, gano ɗaukewar numfashi a barci kuma abu ne na uku, kowanne da hanyar awonsa da irin kuskurensa. Na'ura tana iya ƙwarewa a ɗaya ta gaza a sauran.

A kan adadin numfashi, damuwata ita ce waɗanda suka fi buƙatar awon su ne hanyar ta fi rauni a kansu. Wannan kaɗawar bugun zuciya da Injiniya ya bayyana tana da ƙarfi a jikin matashi, tana raguwa da tsufa, tana kuma raguwa a jikin wanda ciwon sukari ya taɓa jijiyoyin da ke sarrafa zuciyarsa. Mai ciwon da bugun zuciya ke rikicewa ya rasa tsari kuwa, tazarar bugunsa ba ta bin numfashi yadda za a iya karantawa. Sannan akwai wani abu da nake so a lura da shi idan an ce bincike ya nuna kuskuren na'ura bai wuce numfashi ɗaya ko biyu a minti ba. Baligi mai lafiya yana numfashi tsakanin 12 zuwa 20 a minti idan yana hutawa, kuma a cikin barci tazarar takan ƙara matsewa. Idan aka gwada na'ura a kan matasa masu lafiya da ke barci, ko da 15 za ta riƙa faɗa a kan kowa ba tare da ta auna komai ba, kuskurenta a takarda ba zai yi yawa ba. Tambayar da ta dame ni ita ce abin da za ta nuna idan numfashin ya kai 28, ko ya sauka zuwa 7, ko ya zama ba shi da tsari, domin a nan ne rai yake cikin haɗari.

Ma'aikaciyar Jinya:
Likita, na yarda da kai, amma ina ganin adalci ne mu faɗi da me muke kwatanta na'urar. A cikin alamomin lafiya da ake ɗauka a asibiti, numfashi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, har wata maƙala da ta fito a mujallar likitancin Ostareliya a 2008 ta kira shi alamar da aka yi watsi da ita. Zafin jiki da hawan jini da bugun zuciya duk inji ne yake ba da su, numfashi kuwa sai mutum ya tsaya ya ƙirga, kuma idan aiki ya yi yawa sai a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu, wanda ke nufin kuskuren numfashi ɗaya ya zama huɗu. An sha nunawa a bincike cewa 18 da 20 sun cika takardun majinyata fiye da yadda hankali zai ɗauka. Ƙari a kan haka, majinyaci yana canza numfashinsa da zarar ya gane ana kallonsa, shi ya sa ake koya mana mu ci gaba da riƙe wuyan hannunsa kamar bugu muke ji, alhali ƙirjinsa muke lura da shi. Abin kuwa ba ƙarami ba ne, domin a tsarin gargaɗin gaggawa na asibitocin Ingila, numfashi 25 ko fiye, ko kuma 8 ko ƙasa, yana ɗaukar maki mafi girma da alama ɗaya za ta iya ɗauka. Saboda haka na'urar da za ta kwana tana ƙirgawa ba ta gajiya, ba ta kuma sa mutum ya canza numfashinsa, tana da wata daraja da bai kamata mu raina ba.

Likita:
Malama, ban raina ba, kuma abin da kika faɗa ya kawo mu ga inda nake ganin amfanin waɗannan na'urori yake a zahiri. Adadin numfashin mutum ɗaya a cikin barci ba ya canzawa sosai daga dare zuwa dare. Sikelin da kullum yake ƙara kilo ɗaya ba zai gaya maka nauyinka na gaskiya ba, amma zai nuna maka ranar da ka fara ƙiba. Haka agogon yake: idan ya shafe watanni yana nuna 14 sannan kwatsam ya koma 17 ko 18 dare biyu a jere, wannan sauyi labari ne ko da ainihin lambar tana da kuskure, kuma sau da yawa zazzaɓi ko ciwon ƙirji ne ke tafe. A 2020 an buga wani bincike a mujallar PLOS ONE a kan masu amfani da na'urar Whoop da ake ɗaurawa a wuyan hannu, inda aka ce sauyin numfashin dare ya nuna kashi 20 cikin ɗari na masu cutar korona a kwanaki biyun da suka gabaci bayyanar alamu, da kashi 80 cikin ɗari zuwa kwana na uku da bayyanarsu. Sai dai a kula da abubuwa biyu: ma'aikatan kamfanin suna cikin marubutan binciken, kuma zuwa kwana na uku mutum ya riga ya san ba shi da lafiya. Barasa, hawa wuri mai tudu sosai, juna biyu, da motsa jiki mai tsanani da yamma duk suna iya ɗaga lambar, don haka sauyin yana cewa a duba ne, ba ya cewa ga cutar.

Ɗalibin Likitanci:
Malamaina, ina neman izini in shigo da maganar oksijin, domin a nan ne na fi jin tsoro. A watan Disambar 2020 masu bincike daga Jami'ar Mishigan ta Amurka sun buga wani rahoto a mujallar New England Journal of Medicine, inda suka kwatanta abin da na'urar auna oksijin ta asibiti da ake maƙalawa a yatsa ta nuna da abin da gwajin jinin jijiya ya nuna. A cikin awon da na'urar ta nuna 92 zuwa 96, an samu cewa oksijin na gaskiya yana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata, alhali a fararen fata kashi 3.6 ne kawai. Ke nan na'urar ta fi ɓoye haɗarin fiye da sau uku a jikin mai duhun fata, kuma kuskuren yana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi muni, wato tana nuna lafiya a inda babu. Abin takaicin shi ne ba sabon labari ba ne, domin tun a 1990 wasu masu bincike, Jubran da Tobin, suka ba da rahoton cewa 92 ya isa a dogara da shi a fararen majinyata, amma a baƙaƙe sai an nemi 95. Idan na'urorin asibiti suna da wannan matsala, me za mu ce game da agogo?

Injiniya:
Ɗan'uwa, rahoton da ka kawo gaskiya ne, amma a lura cewa na'urorin yatsa na asibiti aka gwada, ba agogo ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauki lambobin wani nau'i a ɗora wa wani. Na'urar yatsa, wadda asalinta ya samo daga aikin injiniyan Japan Takuo Aoyagi a farkon shekarun 1970, tana tura jan haske da wani hasken da ido ba ya gani su ratsa yatsa daga gefe ɗaya zuwa ɗaya gefen, sannan ta kwatanta yadda jini ya shanye kowannensu, domin jini mai ɗauke da oksijin da wanda ya sauke shi ba sa shanye hasken iri ɗaya. Agogo ba zai iya ratsa wuyan hannu ba, don haka hasken da ya dawo baya yake karantawa. Lissafin da ke mayar da hasken zuwa lamba kowane kamfani da nasa, kuma ana iya gyara shi idan aka gwada a kan mutane masu launin fata daban-daban.

Likita:
Injiniya, bambancin da ka kawo gaskiya ne, amma ba ya kwantar mini da hankali, domin wuyan hannu wuri ne mafi wahalar awo fiye da yatsa. Jijiyoyin jini sun fi yawa a kan yatsa, wuyan hannu kuwa ga ƙashi, ga gashi, ga agogon yana zamewa, kuma bayan hannu ya fi tafin yatsa duhu. Sanyi yana rage gudun jini a fata, zanen da aka yi a fata da tawada yana tare haske, kuma wanda ya kwanta a kan hannunsa zai iya tashi ya ga lambar ta faɗi ba tare da komai ya same shi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da gargaɗi a watan Fabrairun 2021 inda ta ce ko na'urar da ta amince da ita idan ta nuna 90, ainihin adadin yakan kasance tsakanin 86 da 94. Tsakanin 86 da 94 kuwa akwai bambancin wanda za a kwantar a ba shi oksijin da wanda za a sallama ya tafi gida. Ƙa'idar hukumar ta 2013 ta wadatu da a gwada na'ura a kan mutum goma, biyu daga ciki ko kashi 15 cikin ɗari masu duhun fata, kuma sai a watan Janairun 2025 ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida mai neman mutum 150 ko fiye da launukan fata iri-iri. Wannan duk a kan na'urorin likitanci ne. Awon oksijin na yawancin agogo an sayar da shi ne a matsayin abin kula da walwala da motsa jiki, kuma kamfanonin da kansu suna rubuta cewa ba don gano cuta aka yi shi ba.

Akwai kuma abin da ko na'urar da ba ta kuskure ba za ta gani ba. Mai ƙarancin jini mai tsanani zai iya nuna 98, domin ɗan jinin da ya rage cike yake da oksijin, amma bai isa jiki ba. Wanda ya shaƙi gubar hayaƙin inji ko na gawayi a rufaffen ɗaki zai iya nuna lamba mai kyau yana kan hanyar mutuwa, domin na'urar ba ta bambanta wannan guba da oksijin a cikin jini.

Dattijo:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka da wannan bayani. Ni tambayata a kan na ukun ce, wato ɗaukewar numfashi a barci. Iyalina sun daɗe suna cewa ina minshari mai ƙarfi, wani lokaci in yi shiru kamar numfashin ya tsaya sannan in ja shi da ƙarfi, kuma da rana barci yakan ɗauke ni a zaune. Agogon da nake sawa yana da tsarin gargaɗin ɗaukewar numfashi, na kunna shi tun tuni, amma bai taɓa ce mini komai ba. Shin wannan shirun nasa ya isa in ɗauka lafiyata ƙalau?

Likita:
Baba, da girmamawa nake cewa bai isa ba, kuma ina roƙonka ka je a yi maka gwajin barci. Abin da iyalinka suka gani da idonsu, tare da barcin rana, ya fi shirun agogon nauyi a wurina. A likitance ana ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na daƙiƙa 10 ko fiye a kowace sa'a ta barci: daga 5 zuwa ƙasa da 15 ciwon mai sauƙi ne, daga 15 zuwa ƙasa da 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Cikakken gwaji yana auna iskar da ke wucewa ta hanci, da motsin ƙirji da ciki, da oksijin, da kuma aikin ƙwaƙwalwa domin a san ko mutum yana barci da gaske. Agogo yana da ɗan kaɗan ne daga cikin waɗannan. Hukumar FDA ta amince da tsarin Samsung a watan Fabrairun 2024, wanda ke duba dare biyu, ta kuma amince da na Apple a watan Satumbar wannan shekarar, wanda ke tattara motsin hannu na kwana 30, kuma dukkansu matsakaici da mai tsanani kawai aka gina su su nema, ba mai sauƙi ba. A alƙaluman da Apple ya fitar da kansa, tsarin ya gano kimanin kashi 66 cikin ɗari na masu matsakaicin ciwon ko mai tsanani, ke nan mutum ɗaya cikin uku daga cikinsu ba a gargaɗe shi ba. Ciwon kuwa idan aka bar shi yana da alaƙa da hawan jini, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da haɗari a kan hanya ga mai tuƙi.

Injiniya:
Ina goyon bayan shawarar Likita ga Baba ɗari bisa ɗari, amma ina so in kare wannan kashi 66 ɗin, domin da gangan aka zaɓe shi. A cikin waɗancan alƙaluma, a tsakanin waɗanda ba su da matsakaicin ciwon ko mai tsanani, tsarin ya yi shiru yadda ya kamata a kan fiye da kashi 98 cikin ɗari. Idan na'ura tana hannun miliyoyin mutane da yawancinsu lafiyarsu ƙalau, ƙara mata saurin zargi kaɗan yana nufin dubban mutane su cika asibitoci da tsoron abin da ba su da shi. Don haka aka gwammace ta yi magana kaɗan, amma idan ta yi a saurare ta. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi ya ce kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan ciwo a duniya, miliyan 425 daga ciki matsakaici ko mai tsanani, kuma mafi yawansu ba a taɓa gwada su ba. Ga wanda yake kwana shi kaɗai, babu mai jin minsharinsa, da babu gara ba daɗi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Injiniya, lissafinka yana da ma'ana idan aka dubi jama'a gaba ɗaya, amma mutum ɗaya ba ya karanta shirun haka. Tambayar Baba ita kanta shaida ce: ga alamu a fili, amma saboda na'urar ba ta yi magana ba sai ya fara tunanin barin maganar. Idan kamfani ya san cewa ɗaya cikin uku zai kuɓuce masa, ya kamata wannan gargaɗi ya kasance a fuskar agogon inda kowa zai gani, ba a ƙasan dogon rubutun da ba a karantawa ba.

Uwar Tagwaye:
Ni ma ina da tambaya, kuma ta jarirai ce. Ana tallata safa da 'yan na'urorin da ake maƙalawa a jikin jariri, waɗanda za su yi ƙara idan numfashinsa ko oksijin ɗinsa ya sauka. Duk uwa ta san tsoron tashi cikin dare a duba ko jariri yana numfashi. Shin waɗannan sun fi agogon manya inganci, kuma suna hana mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci?

Likita:
'Yar'uwa, tsoron nan halal ne, kuma shi ya sa nake so amsar ta fito fili. Babu hujjar da ta nuna cewa waɗannan na'urori suna rage mutuwar fuju'ar jarirai, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da su da wannan niyya. Abin da aka tabbatar yana ragewa shi ne kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri da babu matashi ko tarin mayafai, da shayar da nono, da nisanta shi daga hayaƙin taba. A 2018 likitoci a asibitin yara na Filadelfiya sun gwada irin waɗannan na'urori guda biyu a kan jarirai 30 da ke kwance a asibiti, suna kwatanta su da na'urar asibitin. Ɗaya ba ta gano faɗuwar oksijin ko sau ɗaya ba, ɗayar kuma ta gano amma ba a kowane lokaci ba. Hukumar FDA ta aika wa kamfanin Owlet wasiƙar gargaɗi a 2021 saboda sayar da safarsa ba tare da izini ba, sannan ta amince da wani sabon samfurinsa a 2023, amma amincewar ta nuna lambobi ce ga iyaye, ba ta hana mutuwar fuju'a ba ce. Jaririn da likita ya sallama da na'urar asibiti saboda wata larura, wannan maganarsa daban ce, a bi umarnin likitansa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Bari in ƙara abin da uwa za ta iya yi da idonta da agogo na yau da kullum. Numfashin sabon jariri ba shi da tsari irin na babba: yakan yi sauri, ya ɗan tsaya na daƙiƙa biyar zuwa goma, ya ci gaba, kuma wannan ba ciwo ba ne, amma yana iya sa na'ura ta yi ta ƙara. Saboda wannan rashin tsari ne dole a ƙirga cikakken minti ɗaya, yaron yana kwance cikin natsuwa ba yana kuka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki numfashi a matsayin mai sauri idan ya kai 60 a jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa wata 11, da 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, kuma da waɗannan lambobi ma'aikatan lafiya suke zargin ciwon huhu a inda babu na'urar ɗaukar hoton ƙirji. Idan ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki lokacin da yake shaƙar iska, ko leɓɓansa sun canza launi, ko ya kasa kama nono, a tafi asibiti nan take, komai lambar da safa take nunawa.

Malamin Kimiyya:
Na gode ƙwarai. Tunda haka ne, shin akwai hanyar da mai agogo zai gwada nasa da kansa, ya san ko lambarsa tana kusa da gaskiya?

Injiniya:
Akwai, amma iyakarta gajeriya ce, Malam. Wani zai iya ƙirga numfashin mai barci na cikakken minti a lokuta daban-daban na dare, da safe a kwatanta da abin da manhajar ta nuna. Idan tazarar ta wuce numfashi biyu ko uku a kai a kai, to na'urar ba ta dace da jikinsa ba ko ba a ɗaura ta daidai ba. Ya kamata agogon ya zauna sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata ba tare da ya matse ba, kuma a tsabtace bayansa. Game da oksijin kuwa, kwatanta agogo da na'urar yatsa mai araha ba gwaji ba ne, domin ana kwatanta ƙiyasi ne da ƙiyasi, kuma yin daidai a 97 ba ya nuna cewa za su yi daidai a 88. Sannan kamfani yana iya canza lissafin ta hanyar sabunta manhaja cikin dare ɗaya, don haka idan lambar ta yi tsalle ba tare da wata alama a jiki ba, a duba ko an yi sabuntawa a ranar.

Ɗalibin Likitanci:
Malam Likita, tambaya ta ƙarshe daga gare ni: mai fuka ko mai daɗaɗɗen ciwon huhu da ke amfani da oksijin a gida, shin agogon zai iya gaya masa lokacin da ya kamata ya tafi asibiti?

Likita:
A'a, kuma a wannan rukuni ne dogaro da lamba ya fi haɗari. Numfashi aiki biyu yake yi, shigar da oksijin da fitar da iskar kabon da jiki ya gama da ita, kuma agogo da zoben da ake sayarwa ba sa auna ta biyun. Mai fuka da ciwon ya taso masa yakan riƙe oksijin ɗinsa a sama na tsawon lokaci ta hanyar haki, don haka lambar tana faɗuwa ne a makare, bayan ya riga ya gaji. Wanda ke kan oksijin kuma zai iya nuna 95 alhali numfashinsa ya yi rauni kuma iskar kabon tana taruwa a jininsa, alamarta ita ce yawan gyangyaɗi, ciwon kai da rikicewar tunani. Shi ya sa ga masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu da ke cikin wannan haɗari, likitoci sukan nemi oksijin ya tsaya tsakanin 88 da 92, ba sama da haka ba, kuma mutumin da ya ga 90 a agogonsa ya ƙara wa kansa oksijin zai iya cutar da kansa. Mai fuka ya fi amfana da 'yar na'urar da ake hurawa a auna ƙarfin fitar iska, da rubutaccen tsarin da likitansa ya ba shi, kuma idan ya kasa kammala jimla ɗaya ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, ko maganin shaƙarsa ya daina yi masa aiki, ya nemi taimakon gaggawa ba tare da ya jira agogo ya tabbatar masa ba.